Yadda Za Ka Tsere Daga Darar Ces da Yatsan Ƙafa

Wai in kana buga darar ces a waya ka ga za a cinye ka, ka tsere kafin a kashe sarkinka, makinka ba zai ragu ba. A bakin mijin 'yata na ji, akanta ne. Ofishinsu sun ce sai mai maki dubu zai shiga tawagar gasa, shi kuwa yana ɗari tara da 'yan kai. Na tsufa ina koyar da lissafi, ban taɓa ganin sifili ya goge don ɗalibi ya fita ta taga ba. Duk da haka na sauke manhajar don in gwada. Ga hanyar gwanin nan, ka bi ta daki-daki, na lamunce maka sakamako.

1. Zaɓi kujera

Zauna a falo, inda babban yatsan ƙafarka zai kai makunnin na'urar intanet. Jarumin zamani ba ya shiga yaƙi sai ya ga ƙofar baya.

2. Fito da sarauniya da wuri

Tun tafiya ta biyu. In an cinye ta, gyara tabarau, ka gaya wa duk wanda ke falon cewa tarko ka ɗana. Kada ka faɗi wa ka ɗana wa.

3. Miƙa ƙafa

Danna makunnin, ka ja tsaki mai tsawo. Matarka za ta fito daga ɗaki, don taron aikin da take yi ta intanet ya katse a tsakiyar maganarta.

"Baban yara, sabis ya sake ɗaukewa."

Ka ce kai ma saura ƙiris ka kashe sarkin wani. Ku taru ku tsine wa kamfanin intanet. Hannunka ai bai taɓa komai ba, ko rantsuwa ce za ka iya.

4. Soke wasa tun ba a fara ba

Da ka ga abokin karawa ya fi ka maki, soke kafin kowa ya motsa soja. Wannan kam na gwada, ba a rage maka komai. Ba a kuma ƙara maka komai. Manomin da bai yi shuka ba tsuntsu ba ya yi masa ɓarna. Yi ta sokewa har manhajar ta gaji ta dakatar da kai, sai ka ce wa mutane kana nazari.

5. Kada ka duba makinka

Rufe kusurwar wayar da babban yatsa. Hawan jinin da ba a auna ba ai lafiya ce.

6. Raina tsohuwa

In surukarka ta tambaye ka yadda doki yake tafiya, yi mata bayani da ƙarfi kamar kurma. Sannan ka ƙara da ladabi: "Mama, wasan nan na masu ƙwaƙwalwa ne, ku daina wahalar da idonku."

Za ta ce to. Za ta zaɓi wasa mai dogon lokaci da duk wanda manhajar ta haɗa ta da shi, ta tura soja ɗaya, ta koma kan ɗinkinta. Irinka a duniya ba su ƙirguwa, kuma haƙuri ba ya cikin kayansu. Wani zai gundura ya fice, wani ya yi kuskure ya miƙa ƙafa. Ita tana zaune.

7. Ranar zaɓen tawaga

Shugaban tawaga zai ce ka nuna wayarka. Ka ce caji ya ƙare. In ya zaro caja daga aljihun tebur, to nan ilimina ya tsaya, don gwanin ma nan nasa ya tsaya. Ya dawo gida bai ci abinci ba, ya ce zaɓen na 'yan gaban goshi ne.

Ban ɗauki alhakin kujerar da ka rasa a tawaga ba, ko abin da matarka za ta yi ranar da ta kalli ƙasan kujera. Ni dai tabarmata a ƙasa take, abin da ido ya gani shi na rubuta.

Wasan da aka soke kafin a fara ba a lissafa shi. Wanda aka fara ka gudu, faɗuwa ce, kuma makin da aka cire maka wanda ya zauna ake ba. Akantan namu yanzu yana ɗari bakwai. Surukarsa, wato mai wannan rubutun, ta haura dubu, har yau tana manta yadda doki yake tafiya.