Na'urar da Ta Ƙi Yin Shiru Gaban Surukina

Wata uku na yi ina rubuta direban sauti mai DMA, wato manhajar da ke kwaso murya kai tsaye daga ƙwaƙwalwar kwamfuta zuwa lasifika. Har tafiyata ta koma ta farfesa.

Ranar taron masunta a Yelwa, na jona na'urar domin surukina, shugaban ƙungiya, ya yi jawabi. Ashe ban goge muryar gwajin da na naɗa ba. Sai ga ni a lasifika ina kwaikwayon tarinsa: "Ehem, ehem, jama'a!"

Na kashe manhajar, amma DMA, ɓangaren na'urar da ke kwaso muryar, ba ta neman izinin kowa. Ta yi ta maimaitawa.

Surukina ya dube ni. "Ɗan nan, mi na yi maka?"

Har yau da tari ake tarbata a kasuwar kifi. Matata ma, in na fara cika baki, sai ta ce, "Ehem."