Bokitin 'Yata Bai Shiga Ƙidaya Ba

Jiya aka rako ni har bakin ƙofar wani ofishi, irin rakiyar da ake wa akuyar da ta shiga lambu. Laifina ne, bari ku ji.

'Yata malamar jami'a ce. Shekara uku tana bin bokitin roba: inda aka narka shi, wutar da ya ci, ruwan da ya sha, har ranar da ya fashe aka wurga shi kwata. Wai nazarin rayuwar kaya. Ni da na shekara arba'in ina bin rayuwar mutane, ba wanda ya taɓa ce min malama, sai magulmaciya.

To, Masu Girma Masu Ƙidaya suka fitar da jerin masu irin wannan bincike, kuma da shi za a yi ƙarin girma. Babu sunanta. Ta dawo gida ko ruwa ta ƙi sha.

Na ce, "Ba su karanta naki ba ne?"

Ta ce, "Inna, ai ba karantawa suke ba. Kalma suke bugawa a kwamfuta, ta ƙirgo musu takardu, da sau nawa aka ambaci kowa. Tawa a ƙaramar mujalla take, kwamfutar ba ta leƙa can. Ba ni da ambato ko ɗaya."

Ambato? Ai wannan sana'ata ce! Na yafa mayafi, na bi ta wurin tela, da injin niƙa, da layin famfo. Kwana uku, ba gidan da ba a ambatonta. Sai ga maƙwabciyata da fuskar jaje: "Sannu, yaya mai jiki? An ce har hira take da bokitin."

Ban karaya ba, na wanke ƙafa sai ofishin Masu Ƙidayar, na tarar da wani jami'i.

"Ranka ya daɗe, an ambaci 'yata ya fi sau ɗari biyu. Sai dai gaskiya rabi zagi ne."

"Wannan ba matsala ba ce, Baba, mu ma ba ma bambancewa. Amma sai a rubuce, kuma da Turanci."

"To wa ya zo na ɗaya?"

Ya juyo min kwamfutar yana ƙasaita. Bokona bai yi nisa ba, amma na san hoton sauro.

"Ranka ya daɗe, sauro ma kaya ne?"

Ya ƙura ido, ya goge tabarau. Ashe takardar kan rayuwar sauro take, kalmar "rayuwa" ce ta jawo ta. Na ce, "Allah ya ƙara basira!" Daga nan aka fara rakiyar.

Jeri dai bai canza ba, ƙarin girma ya wuce, 'yata kuma gaisuwa ce kawai ke haɗa mu. Amma tun jiya, duk unguwar ba wanda ake ambato kamar ni. In da adalci, daga yau Farfesa za ku riƙa kirana.