Faifan Ƙarshe Da Bai Iso Tawa Ba

Tawa, Lahadi, 14 ga Maris, 1965.

Zuwa ga Mai Girma Mushe Darakta, shugaban Kamfanin Silman Farin Wata, mai wayar da kan talakawa da hasken inji, wanda ke zaune a Yamai ƙarƙashin fanka.

Bayan gaisuwa irin wadda ta dace da babba, ina sanar da kai cewa yau na tashi da ɗan dama. Tari ya bar ni na yi sallar asuba a tsaye, abin da rabona da shi tun Talata. Gwiwar hagu tana nan yadda take, idon dama kuwa yana ganin duniya kamar ta cikin ruwan koko. Na faɗi haka ne don in ka ga layin rubutuna yana gangarawa, kada ka ɗauka raini ne.

Sunana Yunusu Baƙo. Na shiga lakwal tun zamanin da ake kamo yaro daga gona a kai shi aji uwarsa na kuka. Shekara talatin da ɗaya na yi ina aikin likita na yawo, daga Barmu zuwa Takanamat har rugagen Buzaye na arewa: in taɓa wuyan mutum in ji ko akwai kaluluwa, in soki yatsa, in ɗiga jini a kan gilashi. Na aje aiki kafin a sauke tutar Faransa. Matata Hajaratu ta rasu, ɗana ya tafi Kumasi, wasiƙunsa sun tsaya. Ba ni da kowa sai Zalika, ɗiyar ƙanwar matata, wadda ke zuwa Lahadi da Alhamis ta share mini ɗaki, ta dama fura, ta zauna ta ba ni labarin gari. Yau kwana ashirin da huɗu ba ta taka gidan nan ba, kuma kamfaninka ne sanadi. Ka yi haƙuri in jera maka yadda aka yi.

Na ɗaya. A watan jiya ka aiko mana da fim na wani bature mai sarauta, wanda ya mutu amma ya ƙi kwanciya. Da rana yana barci cikin akwatin katako, da dare ya tashi ya yafa baƙin mayafi ya bi ƴan mata yana cizon wuyansu yana shan jini. Na je na gani da kaina, tunda an ce da ni ake. Ranka ya daɗe, wannan ne abin da ake tsoro a ƙasashen da suka ci gaba? Mutum mai gida hawa uku, ba gona, ba akuya, ba sana'a, ba maƙwabcin da zai leƙo ya ce ina kwana. Kuma laifin wa ne in ya tashi? An rufe mamaci da kwat da takalmi, an shimfiɗa masa katifa cikin akwati mai murfin da ke buɗuwa daga ciki. Wa za a yi wa wannan gata ya zauna wuri ɗaya? Mu nan ƙyalle ne, da rami daidai kafaɗa, da itace da laka, kuma tun da nake ban ji wanda ya dawo ya kai ƙara ba. A matsayina na wanda ya san aikin, ina ƙara maka da cewa jinin da aka sha ciki yake tafiya, ba ya shiga jijiya. Baturenka ba ƙarfi zai samu ba, zawo zai yi. Wuri ɗaya kawai na ga gaskiya a fim ɗin, inda aka nuna dogon teburinsa da kwano ɗaya a kai. A kan wannan ba ni da ƙorafi.

Na biyu, kuma shi ne babba. Fim ɗin faifai biyar ne, kowanne cikin gwangwaninsa. Huɗu suka iso Tawa. Musa, mai juya injinka, ya ce na biyar ya yi saura a Konni, ko a Doso, ko ƙarƙashin kujerar direba, shi dai bai sani ba. Na tambaye shi me ke cikinsa. Ya ce takardar da ke tafe da fim ta nuna a nan ne ake kashe baturen, a kafa masa turke a ƙirji, rana ta fito ya zama toka. To, mutanen Tawa ba su ga wannan ba. Ganinsu na ƙarshe da shi yana tsaye a taga yana lasar baki. Dare tara ana nuna shi haka, dare tara yana tsira. Mushe Darakta, a ƙasarmu in aka ba da labarin kura ta shigo gari, ba a tashi daga tabarma sai an ji inda aka kashe ta. In ba a ji ba, kowa ya san tana nan, sai a fara neman inda ta ɓuya. Babu wani a ofishinka da ya iya ƙirga gwangwani har biyar? Ko kuwa an ga mutanen nan ƙasarmu ta Adar huɗu ma ya ishe su?

Na uku. Don kada jama'a su farfasa benci, Musa ya yi dabara. Ya ɗauko wani guntun zane mai motsi, irin wanda ake sawa kafin babban fim don a yi dariya, ya ɗora a wurin faifan da ya ɓace. Cikin duk abin da ke akwatinsa, hannunsa bai faɗa kan na zomo ba, bai faɗa kan na ɓera ba, sai na jemage mai doguwar hula da haƙora biyu, yana bin wata agwagwa. Dutse ya faɗo masa ya baje kamar waina, ya tashi ya kaɗe jiki. Jirgin ƙasa ya taka shi, ya tashi. Aka harba shi daga bakin igwa, ya dawo yana fito. Na tabbata a Yamai wannan abin dariya ne. A nan ba wanda ya ko murmusa, don ba wanda ya gaya musu an canza fim. Akwai wani Illa, wanda ya taɓa wanke kwanonin wani bature kumandan shekara biyu, saboda haka ya naɗa kansa tafintan bencin baya. Shi ya miƙe ya yi wa jama'a bayani: "Kun gani ko? Ya rikiɗa. Wanga ba ya mutuwa, maye ne, kuma irinsu ba su rasa ɗan'uwa a kowane gari." Ina taya kamfaninka murna da samun malami irin wannan ba tare da ya ɗauke shi aiki ba.

Na huɗu. Da aka tashi neman ɗan'uwan, ba a yi nisa ba. Haƙora biyu suka rage mini a sama, kuma ba ni na zaɓi waɗanda za su tsaya ba. Hasken rana yana sukar idona, don haka ba na fita sai ta yi sanyi. In na fita ina yafa baƙin kabidon da gwamnati ta ba ni lokacin aiki, saboda ƙirjina ba ya son iska. Ina da dogon akwatin katako na magunguna, wanda yanzu likkafanina ne a ciki, kamar yadda kowane tsoho mai hankali yake tanadi. Jemagu suna kwana a bishiyar bedin gidana tun kafin a haifi Illa. Sannan rabin garin nan na taɓa wuyansu, na ɗibi jininsu. Waɗanda na yi wa lambar agana suna goye, yau su ne ke sauya hanya in sun hango ni. Ranar da na je kallon, ina zama benci ya watse, na samu wurin mutum goma ni kaɗai, girman da ko lokacin Faransa ban samu ba. An rataya mini tafarnuwa a ƙofa sau uku, don an ga baturenka yana gudunta. Na gode, ta shiga miya. Maƙwabciyata Kadidiya, mai tuwon sayarwa, ita kaɗai ke yi mini magana, ita ma ta kan katanga. Cewa ta yi: "Mushe Yunusu, ni ban ce kai ne ba. Amma don Allah ka rage fita da kabidon nan, kuma in za ka yi dariya ka rufe baki."

Duk wannan da na haɗiye shi. Tsoho ba ya rasa abin da za a ce da shi, kuma ban taɓa rubuta wa hukuma takarda don kaina ba.

Na biyar. Zalika tana da ciki wata bakwai. Zuwanta na ƙarshe na ga tafin hannunta ya yi fari, ƙafa ta kumbura, tana haki daga ɗaukar tsintsiya. Na ja fatar idonta na duba, na taɓa wuyanta, don hannun da ya yi shekara talatin yana abu ba ya neman izini. Na ce, "Ɗiyata, jininki ya yi ƙasa ƙwarai, gobe ki je gidan likita." Ta ce, "To, Baba." Ta je ta gaya wa mijinta Mumuni, dillali a kasuwar shanu, mutumin da ke duba dasashin bijimi ya faɗi lafiyarsa, wanda kuma ya kalli fim ɗinka sau huɗu. Amsar da ya bayar ta zagaya gari kafin ta iso ni: "Ƙaƙa ya san yawan jinin da ke jikinta in ba shi ke ɗiba ba? Kuma mi ya kai hannunshi wuyanta?" Ka ga irin hankalin da silmanka ta koyar cikin dare tara. Ya hana ta zuwa wurina, ya hana ta zuwa gidan likita, don a can ma ai jini za a ɗiba. An ba ta rubutu, an yi mata hayaƙi, an ɗaura mata tafarnuwa a wuya. Yarinyar da ke bukatar hanta da ƙwayar ƙarin jini da idon ungozoma, kayan miya aka rataya mata.

Kai da ka yi karatu a ƙetare wataƙila ba ka san yadda ake warware irin wannan a nan ba. In aka zargi mutum da kama kurwar wani, sai a kawo marar lafiyan a kwantar, wanda ake zargi ya tuɓe riga a gaban shaidu ya tsallake shi sau uku, a ce ya saki. Dangin Mumuni sun aiko mini da wannan bukata tun makon jiya. Na kore su. Na ce ni Yunusu, da na kwana cikin masu sanƙarau lokacin da ƴan'uwansu suka gudu suka bar su, ba zan tsaya tsirara a gaban masu kallon jemage in amsa sunan da ba nawa ba. Wanda ya tsallaka ya amsa ke nan, kuma sunan ba ya fita, har kabari ake nuna shi da yatsa.

Ran Juma'a Kadidiya ta ce mini Zalika ta faɗi a bakin turmi. Jiya na aika ta ta ce wa dangin Mumuni na yarda, su kawo Zalika yau bayan la'asar. Ga lissafina, Mushe Darakta, ka duba ko ya yi daidai da na masu ilimi. Daga ƙofata zuwa gidan likita taku ɗari biyu ne. In na tsallake ta sau uku, zan juya in ce wa shaidu na saki, amma abin da na sha ba zai koma ba sai an kai ta can yanzu an ba ta magani, in ba haka ba in sake kamawa. Maganar malamin asibiti ba su ji ba. Ta maye za su ji, da gudu ma. Tun safe nake gwaji da naɗaɗɗiyar tabarma a tsakar gida. Sau biyu na haye lafiya, na uku gwiwa ta ƙi, na zauna a ƙasa. Zan roƙi a bar ni in riƙe sanda.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ga roƙona, kuma bai fi ƙarfin kamfani mai girma irin naka ba. Ka sa a nemo gwangwani na biyar a aiko shi Tawa. A nuna shi ranar kasuwa, lokacin da mutanen ƙauye suke gari, a kashe baturen nan a gaban kowa, a bar tokar ta daɗe a bango har na bencin baya su tabbata. In faifan ya ɓace ɗungum, masu zanenka da suka iya tayar da jemage sau uku ba za su kasa kwantar da shi sau ɗaya ba. Sunana ba zai wanku da wannan ba, na sani, bayan abin da zan yi yau. Amma akwai wasu tsofaffi masu haƙora biyu a garin nan, kuma akwai mata masu ciki da za a ce a ɗibi jininsu a duba. Nan gaba kuma, in za ka aiko mana da abin tsoro, ka haɗo shi da mutuwarsa a mota ɗaya.

Ina roƙon Allah ya ƙara wa fankarka iska, ya tsare wuyanka, ya ba ma'aikatanka ilimin ƙirga.

Naka mai biyayya, mai durƙuso gwargwadon abin da gwiwa ta yarda,

Yunusu Baƙo,
tsohon malamin asibiti na yawo, Tawa.

Ƙari. An kira magariba. Tun la'asar nake zaune a zaure ba riga, don kada in ɓata musu lokaci in sun iso. Ba su zo ba. Yanzu Kadidiya ta leƙo ta katanga ta ce tun hantsi Mumuni ya ɗora Zalika a kan jaki, sun nufi Takanamat wurin wani boka, wai kusa da ni ba ta da tsaro. Tafiyar yini ce da ɗoriya, a cikin wannan rana. Na mayar da rigata.