Yadda Za Ka Gyara Adireshin Shafi Har Mai Shago Ta Rasa Masu Saye

Ya kai matashi mai rataye da jakar kwamfuta, matso kusa. Duk wanda ya bi matakan nan bi da bi, na lamunce masa abu biyu: adireshin shafukansa zai yi kyau abin sha'awa, kuma babu mahalukin da zai sake gano inda suke. Ban ƙagi komai ba. Hanyar surukina ce, mijin 'yata, wanda ake kira Injiniya a gida, kuma a shagon ƙanwata aka jarraba ta. Kayan keken ɗinki take sayarwa ta intanet, teloli ne abokan cinikinta, da shagon nan kuma take riƙe da gidanta.

1. Ka raina abin da ka tarar

Buɗe shafin allura. Za ka ga dogon adireshi cike da lambobi da alamar tambaya, irin wanda na'ura ke harhaɗawa da kanta duk lokacin da aka nemi wani kaya. Ka yamutsa fuska. Ka ce injin bincike ya fi son kalmomin da mutum zai karanta ya gane. Wannan gaskiya ce, kuma albarkacinta za a yarda da sauran maganarka. Kada ka kuskura ka tambaya ko teloli sun daɗe suna shigowa ta wannan mummunar ƙofa. Tambaya tana rage wa gwani kwarjini.

2. Ka shiga ta ƙofar zumunci

Tun zamanin iyayenmu, ba bare ke ɓata babban aiki ba, sai na gida. Ka durƙusa ka gai da mai shagon, ka rantse ba za ka karɓi ladan aiki ba. Ƙanwata ta ce wa Injiniya shagon yana tafiya lafiya.

"Yana tafiya, Gwaggo," in ji shi, "amma da ɗingishi."

Kunyar suruki ta hana ta musu.

3. Ka sauya duka a zama ɗaya

Allura, zare, kwarkwaro, man keke, kowanne ka ba shi sabon adireshi mai ɗauke da sunansa, tsaf. Kada ka gwada da shafi guda ka ga yadda za ta kaya. Wannan ɗabi'ar matsorata ce.

4. Kada ka bar alama a tsohuwar ƙofa

Nan ne ƙashin bayan aikin, saboda haka ka natsu. A da, idan ɗan kasuwa ya tashi daga rumfa, yakan kafa allo a ƙofa, ko ya bar saƙo wurin maƙwabci, domin mai nemansa ya san inda ya koma. Haka na tarar ana yi, haka waɗanda suka riga ni suka tarar. Na'ura ma tana da allonta: ɗan gajeren umarni da ke ɗauko wanda ya zo tsohon adireshi ya sauke shi a sabo, ya kuma shaida wa injin bincike cewa ƙaura aka yi, ba mutuwa ba.

Kada ka rubuta shi. Aiki ne mai cin rai, ba a ganinsa, ba a yaba wa mai yinsa. Tsohon adireshin ne teloli suka adana a wayoyinsu, shi suke tura wa juna, shi kuma injin bincike ya sani. Bar su su ƙwanƙwasa bango.

5. Ka ƙawata shafin "Ba a samu ba"

Tunda nan kowa zai sauka, ka tarbe su da mutunci. Injiniya ya sa hoton almakashi da ban haƙuri cikin lafazi mai daɗi. A duk aikinsa, babu shafin da ya kai wannan yawan baƙi.

6. Idan ta zo, ka ce a ba injin lokaci

Za ta zo. Ƙanwata ta same mu a falona, waya a hannu, ko zama ba ta yi ba. Ta ce wani tsohon tela, wanda yake sayayya wurinta tun buɗe shagon, ya tako da ƙafarsa ya yi mata jajen rufewa. Sauran ba su tako ba. Sun koma shagon da ke tsallaken titi, wanda har yau adireshinsa lambobi ne da alamar tambaya. Injiniya ya gyara zama, ya bayyana mata cewa injin bincike yana bukatar lokaci kafin ya saba.

"Zai saba, Injiniya," ta ce. "Telolin ma sun saba, amma da wani shagon."

A da "ɗana" take kiransa. Tun ranar ya koma "mijin 'yar Yaya".

A ƙarshe, ina shaida wa mai karatu cewa babu hannuna a duk abin da zai biyo baya. Na faɗi yadda aka yi ne, ban ce a yi ba. Wanda ya bi matakan nan ya ga ba daidai ba, kada ya nufo falona, domin babu wurin zama. Injiniya yana kan kujerata, yana rubuta umarnin nan da ya ƙi rubutawa da farko, shafi bayan shafi, ƙanwata tana tsaye a kansa. Ta tambaye shi ko akwai umarnin da ke dawo da tela daga tsallaken titi.