Kunun Ayar Hajiya Asabe

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na je Malali roƙon 'yata ba. Ko na so in manta ma haƙorana ba za su bar ni ba, don kullum na kai ruwan alwala bakina sai sun tuna mini.

Ni dai Allah bai yi ni da wani kyau na a zo a gani ba, muryata ma sai an matso ake jinta. Abu ɗaya nake da shi da ake kwatance da ni a Unguwar Kanawa, shi ne fararen haƙora. Tun ina budurwa ƙawaye ke cewa, "Ke, yi dariya mu gani." Ni kuwa sai na ɗauki abin kamar aikin gwamnati. Kullum safe in daka gawayi da gishiri, in sa buroshi mai tauri in yi ta dirza kamar ina wanke gindin tukunya. In akwai biki, har lemon tsami nake matsawa a kai. Shekara talatin da wani abu ina wannan. Da na shiga ajin yaƙi da jahilci, ranar da malama ta ce kowa ta rubuto abin da ta iya, ni yadda ake farar da haƙora na rubuta. Aka karanta a gaban aji, aka tafa mini. (Allah ya yafe mini, ban san bakin mata nawa na lalata a wannan rana ba.)

Abin a hankali ya fara. Da farko in na sha agwaluma ne haƙoran ke mutuwa, su kwana biyu ba su dawo ba. Daga nan ruwan sanyi. Daga nan shayi mai zafi, sai zaƙi, har ta kai in ina cikin keke iska ta shiga bakina sai in ji kamar an soka mini allura tun daga dasashi har tsakiyar kai. Na koma tauna da gefe guda. Da azumi kowa na rububin ƙanƙara lokacin buɗe baki, ni ina gefe da kofin ruwan da na ajiye a rana. Mangwaro kuwa sai dai in yanka wa yara in lashe wuƙar. Amma ban gaya wa kowa ba, ko Malam mijina. Ina zan sa kaina, ni da ake aiko amare wurina in koya musu haɗin gawayi?

Rabi ita ce 'yata mace tilo, maza uku ne sauran. Ta auri wani yaron kirki, Nura, suna zaune a Malali a gefen gidan mahaifiyarsa, Hajiya Asabe, wadda ta yi aikin gwamnati har ta yi ritaya. Hajiya mace ce mai son baƙi, kuma duk dangi sun san ta da kunun aya. Da hannunta take haɗawa, da dabino da kwakwa, ta jera gora-gora a firiza har su fara daskarewa. Ba ka shiga falonta ka fita ba ka sha ba.

To ni sai na samo dabara. Ba na zuwa gidan sai Litinin ko Alhamis. Da an ajiye tire sai in sunkuyar da kai in ce, "Ai azumi nake, Hajiya." Da farko da gaske nake yin azumin, ko da yake Allah ya san ba don lada kaɗai ba ne. Daga baya kuma, in faɗi gaskiya, akwai ranar da na ci ɗumame na ƙoshi a gida, na je na faɗi hakan. Zuwa biyar, azumi biyar. Ina ta yaba wa kaina da wayo.

Da cikin Rabi ya shiga wata takwas, na fara shirin wankan jego. Haihuwar fari ce, gida ya kamata ta zo. Na sa an shafe ɗakina da fenti, na tara itace, na aro babbar tukunya, har na yi wa maƙwabciya magana kan ganyen darbejiyar ƙofar gidanta. Na yi shekaru ina jiran in dama wa 'yata kunun kanwa da hannuna. Sai ga Rabi ta kira ni a waya, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Inna, Hajiya fa ta ce a nan zan yi wanka."

"Saboda me?"

"Ta ce wai asibiti ya fi kusa." Sannan ta ƙara da cewa, "Amma ba shi ba ne. Na ji tana gaya wa ƙanwarta, wai matar da ba ta yarda ta sha ruwan gidanta ba, ta yaya za ta ba ta jikanta? Wai kina tsoron a sa miki wani abu."

Nan ne ya kamata in ce, Rabi, haƙorana ne. Kalma biyu. Amma sai na ce, "Ki ce mata ina zuwa ranar Asabar."

Na shirya kamar mai zuwa jarrabawa. Na sha maganin ciwon kai tun a gida, na yi ta gwaji da ruwan randa, ina koyon yadda zan tura shi ta tsakiyar harshe ya wuce ba tare da ya taɓa haƙori ba. Da ruwan randa dabarar ta yi. Na sa atamfata mai kyau na tafi, rana na dukan ƙeya.

Na tarar da Hajiya da ƙanwarta da wata ƙawarta ta wurin aiki. Rabi na zaune a ƙasa kusa da ƙofa, ta miƙe ƙafa. Muka gaisa, aka tambayi Malam da ɗalibai. Sai Hajiya ta ce, "Maman Rabi, yau dai Asabar ce, ko akwai wani azumin da mu ba mu sani ba?"

Aka yi dariya, ni ma na yi. Na ce, "A'a Hajiya, yau da ƙishina na zo."

Ita da kanta ta tashi ta ɗauko gorar. Ta girgiza, na ji ƙanƙara na ƙara a ciki kamar tsakuwa. Ta cika babban kofin gilashi, jikinsa har yana zufa, ta miƙo mini da hannu biyu. Kowa ya zuba mini ido. Na yi bisimilla, na ce a raina in ma zan sha wuya gara in sha ta sau ɗaya, na kafa kai na yi babbar kurɓa.

Ban san yadda zan kwatanta ba. Kamar an haɗa duk haƙorana talatin da waya an jona a wuta. Dabarar harshe ta tafi inda ta tafi. Ni da ko tsawa ban iya yi wa yaro ba, sai ji na yi wata murya ta cika falon, "Wayyo Allah, na mutu!" Kunun ya fito ta baki da hanci, ya sauka a kan kafet, ya sauka a gaban leshin Hajiya. Na dafe kumatu, hawaye na zuba, ina tofar da sauran a gefen mayafina.

Hajiya ta miƙa hannu ta ɗauki kofin da na dire, ta sa baki daidai inda na sa nawa, ta shanye shi tas tana kallona. Ta ajiye. Ta ce, "To, ga shi na sha. Sai mu zauna mu ga wadda za ta riga mutuwa."

Sai a lokacin bakina ya buɗe. Na ce, "Wallahi Hajiya haƙorana ne, ba sa son sanyi."

Ƙanwarta ta ce, "Waɗanne haƙoran? Ba ke ce ranar kamu kika ce mana tunda kike ko ciwon haƙori ba ki taɓa yi ba? Har na rubuta haɗin gawayinki a waya."

Na faɗa kuwa. Da bakina na faɗa, ina murmushi don su gani da kyau. Na dubi Rabi, ta kifa kai a gwiwa, ban sani ba ko kuka take ko addu'ar ƙasa ta tsage. Maganar wanka ko tayar da ita ban yi ba. Na nemi tsumma in goge kafet, aka ce in bari.

A Malali Rabi ta haihu, namiji. Ƙanwar Hajiya ce ta yi mata wankan. Ni kuwa nakan je da rana kamar 'yar barka, in ɗauki jikana minti goma in mayar. Itacen da na tara, da shi muka yi ta dafa tuwo har damina. Tukunyar na mayar wa mai ita da rana tsaka, kowa na gani.

Bayan suna Nura ya kai ni asibiti wurin likitar haƙori. Yarinya ce sa'ar Rabi. Ta leƙa bakina ta ce, "Mama, da me kike wanke su?" Na gaya mata, har da ɗan alfaharin da ya rage mini. Ta ce haƙori yana da rufi mai ƙarfi a bayansa, ni kuma na kankare nawa da hannuna, kuma ba ya sake tsirowa. Ta cike wasu, ta rubuta mini man goge baki na masu irin ciwona, ta ce in nemi buroshi mai laushi irin wanda dā nake rainawa. Abin ya yi sauƙi, ba laifi. Na ba Nura takardar asibitin na ce ya nuna wa Hajiya. Ya ce ta karanta, ta ce Allah ya ƙara sauƙi.

Yanzu in na je, akwai filas ɗin ruwan ɗumi da aka ware mini. Hajiya takan ɗaga murya ta ce, "Rabi, kawo wa Innarki ruwanta, amma ki fara kurɓa a gabanta." Sai a yi dariya, ni ma in yi, hannuna a kan baki.

Azumin Litinin da Alhamis kuwa na riƙe shi da gaske, ko Allah zai yafe mini na ranar ɗumame. Kuma duk gidan da na shiga yanzu, kafin a gama tambayata gajiya nake cewa, "Haƙorana sun lalace, a ba ni ruwan da bai ga firiji ba." Maganar ba ta kai tsawon numfashi ɗaya ba. Ita ce na ƙi faɗa shekara da shekaru, har sai da na ga wata tana dama wa 'yata kunun kanwa.