Jan Fenti a Jikin Maɗacin Ƙofar Gidana

Zuwa ga Mai Girma Babban Darakta,
Hukumar Ƙawata Birni da Dashen Itatuwa,
Uban tsirrai, garkuwar inuwa, mai riƙe da almakashin buɗe taro.

Ranka ya daɗe,

Jiya da hantsi ma'aikatan hukumarka suka shafa wa maɗacin da ke ƙofar gidana jan fenti, alamar da kowa a layinmu ya san ma'anarta: za a sare shi. Dalilin da suka bayar shi ne, a wurin za a yi taron dashen itatuwa na bana.

Ka gafarce ni da na sa labari a gaban gaisuwa. Shekarun da na yi a teburin tace labarai na wata jarida ne suka ɓata mini tarbiyya. A can an koya mana cewa abin da ya faru shi ke hawa layin farko, ko da surukin mutum ne ke tsaye yana sallama. To yanzu, bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da na'urar sanyaya ofishinka, ga 'yan koke-kokena. Na sa musu lamba domin na ji an ce takardar da ba ta da lamba ba ta wuce teburin sakatare.

Amma bari in fara gabatar da kaina. Ni ne dattijon nan da ya dame ku da rubutu a kan itatuwa tun da ya yi ritaya. A unguwa Lauyan Itace ake kirana, kuma na daɗe da gane ba yabo ba ne. A bakin wani kurmi na tashi. Ina iya tuna yadda sanyi ke tarar mutum tun daga ƙafa in ya shiga, da ƙamshin ruɓaɓɓen ganye bayan ruwan sama, da yadda surutun yara ke raguwa da kansa ba tare da wani ya tsawata ba. Bara na je in gaishe shi. Na tarar da gidaje a jere, an rubuta Rukunin Gidajen Kurmi a ƙofar shiga, kuma fentin ƙofar ne kaɗai kore a wurin. Layin da nake zaune ma da maɗatai ne a jere hagu da dama. Wani ya tafi saboda wayar lantarki, wani saboda ya kare allon talla, wani kuma mota ce ta buge shi, bincike ya nuna laifinsa ne. Guda ɗaya ya rage. Shi ne wanda kuka shafa wa fenti.

Na ɗaya. Ina kuka da saurin amsa kiran jama'a da hukumarka ta yi. Ni ne na yi ta rubutawa a jarida cewa layinmu ya zama kamar kan mai sanƙo, ya kamata hukuma ta zo ta yi dashe. A duk rayuwata ta rubutu, wannan ne karo na farko da wata hukuma ta karanta ni, ga kuma abin da ya biyo baya. Jami'in da ya zo duba wurin, mutum mai fara'a da takalmi mai sheƙi, ya yi mini bayani dalla-dalla. Ya ce tsiro ba ya girma a inuwa, maɗacin nan kuwa ya cika inuwa, saboda haka dole a kawar da shi domin itatuwa su samu wuri. Na nuna masa tsallaken titi, inda rana ke kwana tana tashi albarkacin ayyukanku na baya. Ya ce can za a kafa rumfar manyan baƙi. Na ce to a zaunar da manyan baƙin a gindin maɗacin mana, tunda inuwar ake nema. Ya dube ni da tausayi, ya ce, "Baba, ai an riga an yi maganar rumfa." Ranka ya daɗe, na karanta littattafai da dama a kan gandun daji, amma ban taɓa cin karo da hujjar da ta rufe mini baki kamar wannan ba.

Na biyu. Ina kuka da kaina da na makara wajen fahimtar lissafinku. Ashe hukumarka itacen da aka dasa take ƙirgawa, ba wanda ke tsaye ba. Maɗacin da ya girmi kwaltar layinmu, a rahotonku sifili ne, domin ba a zamanin kowane darakta aka dasa shi ba. In an sare shi an jera tsirrai hamsin a gurbinsa, birni ya ƙaru da itace hamsin, bai ragu da ko ɗaya ba. Wane ɗan ƙasa nagari ne zai ja da irin wannan riba? Na halarci tarukanku na shataletalen kasuwa shekara da shekaru, har na gane ramukan da ido. Su ne dai na bara, su ne na bara waccan. Ana zuwa a sa tsiro, a zuba ruwa, a ɗauki hoto, a tafa, kafin a wanke hoton awaki sun gama nasu aikin. Ba na jin akwai ramuka masu albarka kamar waɗannan a duk faɗin ƙasa. In aka tara dajin da ke cikin rahotanninku, ya kamata a ce masinja ba ya shiga ɗakin ajiyar fayil sai da rakiyar maharbi.

Na uku. Ina kuka da ladabin masu fentinka. Da na ji za su zo, na yi shiri. Na karanta cewa a wasu ƙasashe mutane kan rungume itace su hana a sare shi, sai na gwada. Hannuna bai zagaye ko rabin kututturen ba, cinnaku kuma suka nuna mini ba su nemi lauya ba. Na koma na ɗauko kujera, na jingina baya da itacen, na ɗora kwali a cinya mai ɗauke da rubutun da na yi ta gyara wa waƙafi har sai da ya yi daidai. Inuwar ta yi abin da ta saba yi wa duk wanda ya zauna a cikinta. Na farka na tarar sun zo, sun shafa fentinsu daidai saman kaina, sun tafi. Shaidu sun tabbatar mini da sanɗa suka yi aikin, har ɗaya yana ce wa ɗan'uwansa ya yi a hankali kada a tashi Baba. Ɗigo ɗaya ya sauka a hulata. Mai facin taya da ke sana'a a gindin itacen ya dube ni ya ce, "Lauya, kai ma an sa maka lamba. Tare za a kwashe ku, ko da kai za a fara?" Yanzu fisabilillahi, ya dace hukuma ta tauye wa ɗan ƙasa 'yancinsa na zanga-zanga ta hanyar girmama barcinsa?

Na huɗu. Kada a kawo maka rahoton cewa ina da jama'a a bayana. Ba ni da kowa. Ni da mai facin mun shekara muna gaba saboda ƙusar da ya kafa a jikin itacen yana rataye tayoyi. Telan layinmu yakan fito da kekensa inuwar in an ɗauke wuta, amma ya ce shi ba ya shiga harkar gwamnati. Masu jiran mota sukan tsaya a wurin su share gumi, motarsu na zuwa sun manta da shi. A cikin gida ma haka abin yake. Uwargidana ta sha faɗa mini, "Malam, kai ke son sa, ni ke share shi." Ganyensa na toshe mata magudanar ruwa, tsuntsayensa na ɓata mata shanya, saiwarsa ta tsaga dakalin ƙofar gida. Ta ce da rabin kulawar da nake ba itacen nan na ba famfon banɗaki, da tuni ya daina ɗiga.

Sai dai yau da safe na leƙo na gan ta a gindin itacen da bokiti da sabulu da soson ƙarfe, tana dirzar jan fentin, mai faci na riƙe mata bokitin. Na yi gyaran murya. Ba ta ko juyo ba ta ce, "Kalar ce ba ta yi mini ba. Kuma wallahi kada ka sa ni a jarida." Mai faci kuwa cewa ya yi, "Lauya, in an sare shi, a kanka zan rataye tayoyin?" Shi ba shi da shago, itacen ne shagonsa. Fentin bai fita ba. Ina yaba wa hukumarka a nan: a duk kayan aikin da kuka taɓa kawowa layinmu, shi ne na farko mai inganci.

Na biyar, kuma shi ne mafi nauyi a bakina. Ina kuka da katin gayyatar da kuka aiko mini. An rubuta cewa ni ne babban baƙo, ni zan dasa tsiron farko, kuma za a ba ni allon karramawa na katako mai ɗauke da laƙabin Aminin Itatuwa. Ba zan ɓoye maka ba, na ji daɗi. Na ba da babbar rigata guga, na gwada tsayuwar karɓar kyauta a gaban madubi, na kira 'yata a waya na karanta mata katin har da adireshin maɗaba'a. Sai daga baya na lura da inda aka ce za a yi taron. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana kama kuskuren wasu a layi na ashirin, bai ga ƙofar gidansa a layi na uku ba.

Ina kuma ba ka shawara, don amfanin tsiron, a nemi wani hannun. Son itace daban, iya shuka daban. Duk abin da na taɓa dasawa ya mutu, har da wani tsiro mai ƙaya da mai sayar da furanni ya rantse mini ko a kan kwalta yana rayuwa. Uwargida ta hana ni kusantar tukwanen shukarta, ta ce ko kallonsu na yi sai sun yi yaushi. Miƙa mini tsiron farko bai da bambanci da miƙa shi ga awakin shataletale, sai dai su ba sa sa babbar riga.

Da yake an ce mai kuka ya zo da mafita, ga tawa, kuma ba za ta taɓa maganar rumfa ba. A zo ranar taron kamar yadda aka tsara. A kafa rumfa, a jera kujeru, a yi jawabai. In lokacin dashe ya yi, a ɗaura wa maɗacin ƙyalle, ka yanke da almakashinka, ni kuma in zuba masa ruwa da butar ban ruwa, mai hoto ya ɗauka. A rubuta a rahoto cewa an dasa shi a ranar, kuma saboda kyakkyawan jagoranci ya girma nan take. In hamsin ake buƙata, a ƙirga rassansa, za su kai har a samu ragowar baɗi. Na yi alkawari ba zan aika wa kowace jarida gyara ba, duk da gyara ne sana'ata. Ka duba girman abin, ranka ya daɗe: zai zama itace na farko a tarihin rahotannin hukumarka da mai binciken aiki zai iya zuwa ya jingina da shi.

In kuwa hakan ba zai yiwu ba, to a bar ni in faɗi abu ɗaya ba da wasa ba. Injin zarto zai gama da itacen nan kafin mai gabatarwa ya gama jero muƙamanka. Tsiron da za a sa a gurbinsa, ko ya tsira daga awaki da hannuna, ba ni zan zauna a inuwarsa ba, ba kuma mai faci ba, ba kai ba. Kullum da yamma tsuntsaye kan dawo cikin rassansa da hayaniya kamar an tashi daga makaranta, kuma a duk layin nan babu sauran inda za su sauka. Na kurmin garinmu ban san inda suka koma ba, domin ba na nan ranar. Wannan karon ina nan, kujerata tana gindin itacen, kuma uwargida ta yi alkawarin haɗa mini shayi mai kauri don kada a sake samun abin da ya faru jiya.

Ina roƙon afuwa in wata kalma ta yi tsini, tsufa ne da rashin aikin yi. Allah ya ƙara wa hukumarka ramuka, ya tsare almakashinka daga tsatsa, ya sa rumfarka ta fi kowace inuwa sanyi.

Naka mai biyayya tun daga saiwa har ganye, mai jan ɗigo a hula,

Lauyan Itace,
tsohon mai tace labarai,
gida mai kallon maɗaci, a halin yanzu.

Ƙarin bayani: Ina cikin naɗe wannan takarda tela ya leƙo ya ce ya ga kafintan hukumarka yana zagaya itacen da igiyar awo. A cewarsa, kafintan ya ce shi aka ba aikin allon karramawata, da katakon maɗaci aka ce ya yi shi, kuma ba a kawo masa katakon ba tukuna. Na kira ofishinka don jin ta bakinku. Har zuwa lokacin rufe wannan wasiƙa, ba a ɗauki wayar ba.