Ranar da Na Kira Sunansa a Gaban Inna

Ko da tsufa zai kwashe mini komai, har sunayen jikokina (ya ma fara), ba zan taɓa mantawa da wata la'asar a Ajingi ba, ranar da bakina ya yi mini abin da ko maƙiyi zai ji nauyin yi mini.

Ni 'yar Gaya ce. Na yi firamare a lokacin da ba kowace yarinya ake bari ta yi ba, kuma wallahi ina ji da karatun nan kamar ni na ƙirƙiro shi. Aka kai ni aure Ajingi, gidan Fulanin da suka daɗe da ajiye sanda suka kama fartanya, amma ba su ajiye kunyarsu ba. Tun kafin a ɗaura, wata mai ɗan karen gulma ta kawo mini abin da surukata, Inna, ta ce da ta ji amaryar ɗanta ta yi boko. Wai cewa ta yi, "To, Allah ya sa da suka zuba mata karatun sun bar wa kunya wuri."

Maganar nan ta tsaya mini a rai. Na ɗaura ɗamarar sai na nuna wa matar nan cewa ni ma 'yar mutunci ce. Ban taɓa cin abinci a gabanta ba. In ta shigo ina tauna, haɗiyewa nake yi ko da ƙashi ne. Na yi durƙuso har gwiwoyina suka yi kanta. Sunan mijina kuwa, ko a mafarki ba ya fita daga bakina. Ita ma Innar haka take, don shi ne ɗanta na fari: ba ta kiran sunansa, ba ta haɗa ido da shi, in magana ta kama dole sai ta ce "wancan".

Ba mu daɗe da aure ba ya shiga soja, yaƙin basasa ya tafi da shi Kudu. Da fari ana ɗan jin labarinsa a bakin masu dawowa, daga baya sai shiru. In wani ya sauka daga Kano ranar kasuwa, kowa a gidan zai tare shi da tambaya, ban da Inna. Ita sai ta tashi ta kama tankaɗe. Ni kuwa da wautar ƙuruciya nake cewa a raina, kai, wannan mata dutse aka saka mata a ƙirji.

To, a ƙasan akwatina akwai wani littafin labari da yayana ya jefa mini cikin kayan aure, ban ma samu na karanta ba. Bangonsa ya tafi tun kafin ya zo hannuna, har yau ban san sunansa ba, balle wanda ya rubuta. Yalwa, ƙanwar mijina, sarauniyar bincike, ita ta tono shi. Lokacin kuwa ana ɓarar gyaɗar iri, mata na taruwa a rumfar tsakar gidanmu bayan azahar. Ta ɗaga shi sama ta ce, "Jama'a, muna da malama a gida muna ɓarar gyaɗa bakin shiru?" Na yi 'yar noƙewa ta munafunci (alhali kaina har ya kumbura), na karɓa.

Labarin wata tsohuwa ne da ɗanta ya bi ayari gabas, aka dawo aka ce ya mutu. Ta ce ita ba ta ga gawa ba, ba za ta karɓi gaisuwa ba. Ƙaninsa ya ci gaba da nome masa gonarsa duk damina, yana zuba masa rabonsa a rumbu daban, dangi na zuga shi ya cinye, yana ƙi. Da shekarar yunwa ta zo, tsohuwar ta ce a buɗe rumbun a ba mutane da sunan ɗanta, aka yi ta ɗiba hatsi ya ƙi ƙarewa.

Sai dai ina buɗe shafin farko na ga tashin hankali. Sunan yaron da ya ɓata, sunan mijina ne sak. Ga Inna can gefe a bakin ɗakinta, ta ba mu baya tana kaɗi. Na yi tari, na gyara zama, na ce, "Wata rana, Wane ya ce wa mahaifiyarsa..." Yalwa ta leƙo fuskata, "Wane wa?" Na harare ta. Nan take kowa ya gane, aka yi 'yar dariya ƙasa-ƙasa, daga ranar jarumin littafi ya zama Malam Wane.

Kafin ka ce kwabo, rumfarmu ta daina ɗaukar mutane. Goggo Hajo, ƙanwar surukina, ita ce shugabar masu musu. Da muka zo kan rumbun nan ta watsar da ɓawon gyaɗa ta ce, "Ƙarya ce tsagwaronta! Tun da nake ban taɓa ganin rumbu ya haihu ba." Maƙwabciyarmu Ya Falmata, wata dattijuwa Babarbariya mai saurin hawaye, ta ce, "Hajo, ki ji tsoron Allah. Wanda ya fitar miki da damin gero daga ƙwaya ɗaya, rumbu ne zai gagare shi?" Goggo ta ce ita ba ikon Allah take musu ba, mai littafin take musu. Amma fa kullum ita ke riga kowa shimfiɗa tabarma. Ya Falmata kuwa har waina ta soya ranar Juma'a ta yi sadaka, wai Allah ya bayyana wa tsohuwar ɗanta. Na ce mata, "Iya, labari ne fa, ƙirƙira aka yi." Ta ce, "To sadakar ta ɓata ne? Ai akwai mai irin halinta a wani wuri, ta je can."

Da Goggo ta fara zargin ina leƙa gaba a ɓoye, sai ta ƙwace littafin. Kullum in an tashi ta kulle shi a taskirarta, sai gobe. Don haka ni ma ban san ƙarshen ba, da su nake tafiya.

Inna ba ta taɓa matsowa ba, ba ta taɓa cewa uffan ba. Abu ɗaya na lura da shi: duk sanda tsohuwar cikin littafi ta fita bakin hanya tana duban gabas, mazarin Inna yakan tsaya. In an wuce wurin sai ya ci gaba da juyawa.

Ranar da za mu gama, har matan da ba sa ga-maciji da juna sun zauna a tabarma ɗaya. Na fara lafiya lau, ina ta Wane ya yi, Wane ya ce. Tsohuwar ta tsufa tukuf, ido ya yi rauni. Wani baƙo ya yi sallama da yamma, ya roƙi ruwa. Ta miƙo masa ƙwarya, hannunta ya taɓa nasa, ta ji tabon da lauje ya yi masa tun yana yaro. Ni a nan na daina ganin rumfa, na daina ganin mata. Nawa mijin ma da tabo a hannu. Hawaye na ɗiga a takarda, ban san sanda na miƙe tsaye ba (har yau ban san me ya tashe ni ba), na buɗe murya yadda har masu wucewa a waje sai da suka ji:

"Haruna! Haruna, kai ne? Haruna, ka dawo?"

Ba sau ɗaya ba, jama'a. Yadda mai littafin ya jera su, haka na sauke su duka, ban rage ko ɗaya ba.

Shiru kake ji, wai malam ya ci shirwa. Hannun kowa ya tsaya a cikin gyaɗa. Sai ƙarar mazarin Inna da ya faɗi ƙasa ya gangara. Goggo Hajo ta dafe ƙirji ta ja salati tun daga farko har ƙarshe. Yalwa ta cusa mayafi a baki, kafaɗunta na rawa. Magana zarar bunu ce, ta fita ta fita. Na yar da littafin na ruga ɗaki, a hanya na yi ƙwallo da kwanon gyaɗar Ya Falmata, na bar takalmi ɗaya a tsakar gida.

Na kwanta na ja zane har kai, ina kuka kashi biyu: na kewar mijina da na kunya. Duk durƙuson nan, duk ƙasusuwan da na haɗiye, sun tashi a banza. Inna ta faɗa tun farko, ga shi na tabbatar mata a gaban rabin matan unguwa. Har na fara tunanin wace mota ce ke zuwa Gaya da sassafe. 'Yar banzar nan Yalwa kuma ta zo jikin taga tana maƙale murya, "Kai ne? Ka dawo?"

Ana gab da magariba na ji an ɗaga asabari. Na ɗauka Yalwa ce, na ce, "Wallahi in kika shigo sai na fasa miki baki." Aka yi gyaran murya. Inna ce! Matar da tun da aka kawo ni ba ta taɓa taka ɗakina ba. Na wuntsilo daga gado na zube a ƙasa. Ta zauna a bakin ƙofa, ta ba ni gefe kamar yadda ta saba, littafin na hannunta a juye, ƙasa a sama.

Ta ce, "Abin da kika faɗa ɗazu, haka aka rubuta?"

Na ce, "Haka ne, Inna. Ki yi mini rai, kuskure ne."

Ta shafa takardar. Can ta ce, "To ai ba ke kika faɗa ba, takarda ce ta faɗa. Karanta mini wurin. Yadda aka rubuta."

Na karɓa na karanta, wannan karon a hankali. Ta ce, "Sake." Na sake. Sai ta ce, "Nuna mini inda yake." Na kama yatsanta na ɗora a kan sunan. Ba ta san baƙi ko ɗaya ba, amma ta bar yatsan a wurin, tana shafa shi a hankali kamar mai shafa kan jariri. Fuskarta na kallon bango, amma na ga gefen mayafinta ya jiƙe. Ashe tun da ya tafi babu wanda ya ambaci sunan nan a kusa da ita. Duk muna kiyaye mata kunya, ita kuwa tana ƙishin ta ji shi. Na ji tausayinta ya rufe ni, na kuma ji kunyar dutsen da na ce an saka mata a ƙirji.

Da ladan ya kira salla ta miƙe, ta tura mini takalmina da ta tsinto, ta ce, "Ki fito ki ci tuwo. Gobe kuma ki faro mana shi daga farko. Ki bar wannan Wane ɗin, ya ishe ni."

Bayan yaƙi ya ƙare, Allah ya dawo mana da shi, ya rame, yana ɗan ɗingishi. Gida ya kaure da guɗa, Ya Falmata na cewa sadakarta ce ta karɓu, Goggo Hajo na cewa ita dama ba ta taɓa musu ba. Ya je ya durƙusa a gaban Inna. Ta kawar da kai ta ce, "A ba baƙo ruwa." Amma da na kawo ƙwaryar, ita ta karɓa ta miƙa masa da hannunta.

Tun kafin ya ajiye ƙwaryar Yalwa ta ba shi labarina, da murya da komai. Har muka tsufa yana yi mini gori, wai a duk zamanmu rana ɗaya tak na taɓa kiran sunansa, ita ma sai da na tabbatar ba ya gari.

Ni dai abin da na koya shi ne, kada ki karanta wa surukarki littafin da ba ki san ƙarshensa ba. In kuwa kunyarki za ta zube, Allah ya sa ta zube a gaban wadda ta daɗe tana jiran wani ya faɗa mata abin da ita ba ta da ikon faɗa.